Hamma Othniel da Firam Ɗin da Muka Ƙi Juyawa

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Hamma Othniel ya rasu a gidansa da ke Rumde, yana da shekara hamsin da takwas. Ina tsugune gaban wata mota ina gyaran fitila 'yarsa Selina ta kira ni. Ta ce, "Kawu, Baba ya tafi," ta kashe wayar. Ranar Asabar muka binne shi. An ce hawan jini ne. Ni ban yi karatun likita ba, amma ni ne magatakardan ƙungiyar da ta kore shi daga gareji wata bakwai kafin rasuwarsa, saboda haka na san abin da ya tayar masa da jinin.

Ni ne Apollos, mai wayarin, wato gyaran wayoyin wutar mota. Shekara ashirin da biyu rumfata na manne da taka, Hamma, a ƙarshen layin garejinmu na Jimeta. An ce in rubuta 'yan kalmomin yabo da sunan ƙungiya. Na ƙi. Wannan da sunana nake rubuta shi, kuma wanda ransa zai ɓaci, ya ɓaci.

Sana'arka ba ta da suna mai daɗin faɗa. Wasu su ce mai rediyo, alhali ba ka taɓa buɗe cikin rediyo ba. Aikinka shi ne firam, wato robar nan da ke zagaye da rediyo a gaban mota. Mutum ya sayi sabon rediyo, ko irin mai babban allon nan na yanzu, sai ya tarar ramin da ke dashbod ɗinsa ya yi masa kaɗan ko ya yi masa yawa. Dole a rage robar, ko a faɗaɗa ta, ko a yi wata sabuwa. A garin nan akwai masu yin wannan cikin minti goma. Su sa wuƙa a murhun mai shayi ta yi ja, su danna ta a jikin robar tana nan a motar, wari ya cika layi, sannan su tsiyaya sufa gulu a kusurwoyi su ce an gama. Kai kuwa kwana uku kake cewa. Ko gwamna ne kwana uku. Ni na laƙaba maka sunan Kwana Uku, har matarka Adda Keturah ta ɗauka tana kiran ka da shi idan tuwo ya huce kana bakin tebur.

Dokarka ta farko kowa ya san ta a layin nan, har mai sayar da ruwa: ba a yanka a jikin mota. Sai ka ciro firam ɗin tukuna, da wata tsohuwar ƙotar buroshin haƙori da ka fafe bakinta don kada ƙarfe ya karce dashbod ɗin mutum. Ka kai shi tebur. Ka auna rediyon, ka yanka kwali daidai da shi, ka ɗora a kan robar ka zana da fensir. Idan ka ɗauki ƙaramin zartonka ba ka bin kan layin, sai ka bar tazarar kaurin ashana ɗaya, domin ka ce abin da aka rage ba ya dawowa. Sauran kuma aikin magagari ne, a hankali, kana gwadawa kana cirewa, har mai motar ya gaji da tsayuwa ya tafi cin abinci. Daga nan sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge abu, iri uku, ta ƙarshen da ruwa. Bakin robar kana kwantar da shi kaɗan, ya zama ba kaifi ko na ƙwayar gero. Kuma ba ka yarda da yatsarka, ka ce yatsar ma'aikaci ta yi kanta. Akwai wani tsohon ɗankwalin Adda Keturah mai santsi da kake ajiyewa cikin akwatin kayan aiki. Shi kake ja a bakin robar daga kusurwa zuwa kusurwa. In ya maƙale ko sau ɗaya, ka koma kan sanfefa. Sai fenti, sai shanya a inuwa cikin kwali mai murfi.

Abu na ƙarshe, ka juya firam ɗin, ka ɗauki tsinken ƙarfe, ka karta harafin O da kwanan wata a bayansa, a kusurwar ƙasa ta hagu. Wurin da ba mai gani muddin yana jikin mota. Na taɓa tambayar ka amfanin sa hannu a inda ba a gani. Ka ce wata rana wani zai ɓalle shi, kuma kana so ya san wanda zai zaga ko wanda zai sa wa albarka. Na yi dariya ranar. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa maganata take.

Ba zan ce ba ka da hali ba. Kana da taurin kai irin wanda ke sa mutum ya ji kamar ya jefe ka da sifana. Kuma kana da i'ina, wadda ba ta tashi sai ranka ya ɓaci, ta yadda duk lokacin da kake da gaskiya a lokacin ne maganar take ƙin fita. Amma na ga abin da hannunka ya yi wa mutane. A shekarar 2014, lokacin da 'yan gudun hijira suka cika Malkohi, wani direban bas ya zo da motarsa duk gabanta a farfashe. Da ita ya kwaso iyalinsa da maƙwabta. Rediyon na reto a kan wayoyi kamar kazar da aka rataye, kuma shi kaɗai ne abin da suke kewayewa su ji labarin garinsu. Ba a samun firam irin na motar a kasuwa. Ka nemo bayan wata matacciyar talabijin, ka yanko robarta, ka zauna kana gogawa. Mutumin yana kai da kawowa yana cewa shi dai a ɗaure masa da roba ya tafi. Ni ma na ce maka, haba Hamma, wannan lokacin kwalliya ne? Ka ce mutumin da ya bar gidansa da rigar jikinsa, a bari ya ga abu ɗaya da aka yi masa da kyau. Da ka ɗora firam ɗin ya shige ƙyas, direban ya tsaya yana shafa shi. Ya sa hannu a aljihu, ka ture hannun.

Akwai kuma Malama Zulaihatu ta Wuro Hausa, wadda wani ya yanka wa firam da wuƙa mai zafi ya bar baki kamar haƙoran zarto, har 'yarta ta tsage yatsa wajen murɗa rediyo. Ka gyara, ka ce a kawo yarinyar ta ja ɗankwalin da hannunta, don tsoron wurin ya fita daga ranta. Ranar da muka binne ka Malama ta zo tun daga Yola cikin wannan zafin na Maris, ta zauna da matan gidan har la'asar.

To, ga abin da muka yi wa wannan mutumin.

Cikin watan Agustan bara, ranar Laraba, wani direba mai suna Eli ya kawo jif ɗin maigidansa, wani babban mutum da ba zan kira sunansa ba. An sayi rediyo mai allo, ana so a sa. Ka ce sai Asabar. Eli ya ce Oga zai yi tafiya Numan ranar Juma'a. Ka ce to ya tafi da motar, in sun dawo ya kawo. Ya tayar da mota ya fita. Ni ina kasuwa ranar wajen sayen fis na wutar mota. Waɗanda suke nan kuwa, da aka tambaye su daga baya, kowa ya ce bai lura ba. Mota ce da ta kusa cika layin, amma ba wanda ya lura.

Ranar Juma'a, a hanyar Numan, hayaƙi ya taso daga dashbod, da matar mutumin da 'ya'yansa a ciki. Allah ya kiyaye, kowa ya fita lafiya, mutanen ƙauye suka kashe wutar da ƙasa. Ranar Litinin mai motar ya dira a gareji da ƙonannen firam a hannu. Ya ce an duba, an ga wanda ya yanka firam ɗin a jikin mota ya yanka, har ya taɓa wayoyin da ke baya, su ne suka haɗu suka kama. Ya ce direbansa ya shaida masa kai ka yi. Ya ce in ba a ɗauki mataki ba, daga shi har abokansa har motocin wurin aikinsu ba wadda za ta ƙara shigowa garejin nan.

Aka kira taro a gindin mangwaro. Ciyaman a tsakiya, mai motar a kujerar roba kusa da shi, ni a gefen tebur da littafin taro. Aka ajiye firam ɗin a kan teburin, fuskarsa sama. Wuta ta ci rabinsa na sama, na ƙasa yana nan. Tsakaninsa da hannuna bai kai kamu ɗaya ba.

Ka miƙe za ka yi magana, i'inar ta kama ka. Na ga jijiyar wuyanka ta tashi. Mai motar yana ta faɗa, wasu suna ba shi haƙuri, wasu suna ce maka ka roƙi gafara kawai a wuce wurin. Da ƙyar ka fitar da kalma uku.

"Ku juya shi."

Ciyaman ya ce ka zauna, ba a zo nan don gardama ba. Bappa Bobboyi, dattijon nan mai ɗinkin kujerun mota, shi kaɗai ya ɗaga murya ya ce a bar ka ka gama. Aka ce masa shi da allura da zare ya sani, ina ruwansa da roba. Aka ɗaga hannu. Aka ce ka kwashe kayanka kafin Asabar.

Na ji kalmomin nan uku, Hamma. Na kuma gane su, domin a duk wurin ba wanda ya fi ni sanin abin da ke bayan firam ɗinka. Da na miƙa hannu na kifa shi, da magana ta ƙare a nan. Ban miƙa ba. Dalilina kuwa ga shi, tunda yau ranar faɗa ce: wata guda kafin nan ni na gyara wayarin fitilun motar. Na ce a raina, in aka wanke mai firam, wa za a juyo a kalla in ba mai wayarin ba? Sai na sunkuyar da kai ina rubutu. Na rubuta jawabin ciyaman, na rubuta na mai mota har da tarinsa, na tsallake naka. Ni na rubuta takardar korar, da kyakkyawan rubutun nan nawa da kake yaba wa.

Ka ɗora teburinka da akwatinka a Keke mai ƙafa uku ka tafi Rumde. Ba ka zagi kowa ba, da ma zagin ba ya fita. Labari kuwa ya riga ka isa. A Jimeta in aka ce mutum ya ƙona motar babban mutum da iyali a ciki, ba mai tambayar yadda aka yi. Waɗanda ka yi wa aiki shekara da shekaru suka koma wurin masu wuƙa. Selina ta ce mini kullum da safe kana fitar da teburin ƙofar gida, ka jera magagarai bisa girmansu, ka zauna har rana ta kore ka. Ni kuma a coci na koma zama layin baya, ina fita kafin albarkar ƙarshe don kada mu haɗu a ƙofa. Wata bakwai ina wannan, ni da 'ya'yanka ke kira Kawu.

Sai ga ranar jana'iza. Ƙungiya ta kafa rumfa da ƙyalle mai ɗauke da sunanta, an rubuta shi da manyan baƙaƙe yadda za a gani daga titi. Ciyaman ya karɓi abin magana ya ce gareji ya yi rashin ginshiƙi. Ya ce irin aikinka ba za a sake gani ba. Har ya ciro hankici ya goge ido. Wannan bakin ne ya ce maka zauna. Waɗanda ba su lura da jif ba ranar Laraba, su ne suka yi rububin ɗaukar akwatin gawarka. Mai motar ma ya aiko da buhun shinkafa. Na tsaya ina kallon su, raina yana tafasa, har na tuna cewa ni ma a ƙarƙashin rumfar nake, sanye da rigar ƙungiya. Ban taɓa jin kunya da fushi sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba.

Ranar Litinin da safe Bappa Bobboyi ya zo rumfata bai ko gaishe ni ba. Ya ce in ɗauko makullin sito. Ƙonannen firam ɗin yana can cikin buhu tun ranar taro, an ajiye shi wai shaida. Na zaro shi na riƙe. Bappa ya dube ni.

"Juya shi mana, Apollos. Ko hannunka yana ciwo ne har yanzu?"

Na juya. Kusurwar ƙasa ta hagu wuta ba ta taɓa ta ba. Sumul take, ba O, ba kwanan wata, ba ko karce. Bakin robar kuwa duk ƙulli-ƙulli ne irin wanda wuƙa mai zafi ke bari, ga busasshen sufa gulu ya tsiyaya ya yi fari. Makaho ma da ya shafa zai ce wannan ba aikin Kwana Uku ba ne. Abin da bai ɗauke ni ƙiftawar ido ba, shi ne na kasa yi a watan Agusta.

Muka nemi Eli da firam ɗin a hannu. Bai yi musu ba. Ya ce da ka ce Asabar, ya ji tsoron komawa gida da tsohon rediyo, sai ya tsaya wurin wani a bakin hanya aka yanka nan take. Da wuta ta tashi Oga ya tambaya ko wurin Othniel ya kai kamar yadda aka umarce shi, ya ce e. Yana faɗa yana kuka. Na tafi da niyyar ci masa mutunci, amma na fasa. Shi ya yi ƙarya don tsoron aikinsa, ni na yi shiru don tsoron nawa, kuma shi bai taɓa cin tuwon gidanka ba.

Daga nan na wuce Rumde. Na zauna a gaban Adda Keturah na faɗa mata duka, har da kamu ɗayan da ke tsakanin hannuna da teburin. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani abu naɗe cikin tsohon ɗankwalinta. Na gane ɗankwalin tun kafin ta miƙo.

Firam ɗin tsohuwar motata ne. Na manta da shi sarai. Mako guda kafin rigimar nan nawa ya tsage, ka ciro shi ka auna, ka ce za ka yi mini sabo. Bayan kora ban iya zuwa tambaya ba, na cusa kwali a gefen rediyon na ci gaba da yawo.

Adda ta ce, "Tun Kirsimeti ya gama yanka. Kullum yana gogawa, yana cewa bai yi ba tukuna. Na ce masa mutumin nan ba zai zo ba. Ya ce zai zo, kunya ne yake ji."

Na ja ɗankwalin a bakinsa daga kusurwa zuwa kusurwa, bai maƙale ba. Wannan karon ba wanda ya ce mini in juya. A kusurwar ƙasa ta hagu ga harafin O, ga 7-3-23. Mako guda cif kafin ka tafi. Rubutun ya ɗan karkace.

Yanzu ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. Ranar Asabar akwai taron ƙungiya. Na riga na buɗe littafin a shafin watan Agusta na rubuta kalmominka uku a inda na tsallake su, na sa hannu da kwanan wata. Zan karanta su a gindin mangwaron nan, in ajiye ƙonannen firam a kan tebur, bayansa sama. A soke takardar korar a rubuce. Ciyaman ya taka da ƙafarsa zuwa Rumde ya faɗa wa Adda Keturah, a gaban maƙwabtan da suka ji an kira mijinta mai ƙona mota, cewa ƙarya aka yi masa. Mai motar ya ji daga bakin direbansa, ya kuma san cewa shinkafa ba ta wanke suna. Bayan haka su nemi wani magatakarda. Duk kuma mai motar da Hamma Othniel ya taɓa yi wa aiki a Jimeta da Yola, in ya ji ana maimaita wannan ƙazafi, ya kawo motarsa rumfata in ɓalle masa firam ɗin ya gani da idonsa.

Adda Keturah, Selina da ƙannenki, 'yan'uwa na gida da na Numan, Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya share muku hawaye, ya tsaya muku a inda mu muka kasa tsayawa. Bappa Bobboyi, Allah ya saka maka, ya ƙara maka lafiya. Ya Ubangiji mai jinƙai, ka karɓi bawanka Othniel, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutawa a wurinka, inda ba a katse mai i'ina. Mu kuma da muka zauna a gindin mangwaro, ka yi mana jinƙan da ba mu yi masa ba.

Hamma, na zo, amma na makara. Firam ɗin ban sa shi a mota ba, kuma ba zan sa ba. Na rataye shi a bakin rumfata, kusa da inda teburinka yake a da, bayansa yana kallon hanya.

Apollos, mai wayarin
Jimeta, Maris 2023